Ba inuwar ce matsala ba, ciyawar da muke dasawa ce

Kwanaki na ji wani mai gyaran lambu yana ba wani mai gida shawara, wai tunda ciyawar kafet, wadda ake shimfiɗawa a lambu ana askewa da inji, ta ƙi zama a ƙarƙashin babbar bishiyar da ke tsakiyar lambun, to a rage rassan sosai rana ta samu hanya, in kuma hakan bai yi ba a tumɓuke bishiyar gaba ɗaya kowa ya huta. Mai gidan kuma sai gyaɗa kai yake yi. Bishiyar nan ko ba a faɗa maka ba ka san ta girmi mai ba da shawarar. Wallahi abin ya tsaya min a rai, a ce za a kashe abin da ya yi shekaru yana girma saboda ciyawar da ko sau goma aka dasa ta a wurin mutuwa za ta yi.

Ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Wurin da ke da inuwa ba lalataccen fili ba ne da ake jiran a gyara, wuri ne mai nasa tsirran, kuma a cikin tsirran nan waɗanda suka fi dacewa da rufe ƙasa su ne ciyayin nan dangin aya-aya masu son ƙarƙashin itatuwa, musamman jinsin da masana ke kira Carex, da sharaɗin a dasa wadda asalinta 'yar yankin ce ba wadda aka ɗauko daga wata nahiya ba. Na san da na ce dangin aya-aya wasu har sun ɓata fuska, zan zo kan wannan.

Wace ciyawa ake magana

In ka gan ta daga nesa ciyawa ce kawai, ganye siriri dogo yana lanƙwasowa. Amma ba dangi ɗaya suke da ciyawar da muka saba ba. Ka kama karanta ka murza tsakanin yatsu biyu, na ciyawa zagaye yake mai gaɓoɓi kuma galibi da rami a ciki, nata kuwa kusurwa uku ne da shi, a cike, babu gaɓa. Sunan dangin Cyperaceae, akwai iri sama da 5,000 a duniya, har da wadda mutanen Masar na dā suke yin takarda da ita. Carex kaɗai ta kai kusan iri 2,000, a Arewacin Amurka ma akwai kusan 480. Da yawansu a fadama da bakin ruwa suke, shi ya sa mutane ke ɗauka duk ciyawar ruwa ce, alhali akwai tarin waɗanda gidansu cikin daji ne, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ƙasa take a bushe kuma rana ba ta kaiwa sai ɗan abin da ya tsiyayo ta cikin ganye.

Waɗannan na dajin su nake nufi. A gabashin Amurka akwai Carex pensylvanica wadda ke shimfiɗuwa ƙarƙashin itatuwan oak, tsayinta bai cika wuce santimita 20 ba, tana tafiya a hankali da saiwarta ta ƙarƙashin ƙasa tana tofowa nan da can. Akwai Carex appalachica mai ganye kamar gashi da ke zama dunƙule-dunƙule, akwai Carex plantaginea mai faɗin ganye da ke son inuwa mai duhu da ƙasa mai danshi. A Turai akwai Carex sylvatica da Carex remota. Kowace ƙasa da nata.

Me ya sa kafet ba ta zama

Mafi yawan ciyawar kafet ta sarari ce, tana son rana ta dake ta na awa 4 zuwa 6 a yini ko fiye. Ka kai ta ƙarƙashin bishiya ka hana ta wannan, sannan ka zo kana aske ta duk sati da inji, wato ɗan ganyen da take kama haske da shi ma ka rage mata. Ga saiwoyin bishiya kuma, mutane na ɗauka can ƙasa suke nutsewa, alhali mafi yawan ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa a sama-sama suke, cikin rabin mita na farko, daidai inda ciyawar ke neman nata abincin. Ƙarshenta sai ka ga ta yi tsilli-tsilli, ta yi ɗorawa, ƙasa ta bayyana, gansakuka ta hau inda ke da laima.

Sai mai gida ya ce taki ne ya yi kaɗan, a ƙara. Ruwa ne ya yi kaɗan, a ƙara. A yi feshi. A sake sayo iri. Kowace shekara haka, kuma ba wanda zai tsaya ya ce anya ba wurin ne bai dace da ita ba.

Ita ma bishiyar ba ta tsira ba. Je ka duba gindin duk bishiyar da aka kewaye da kafet, za ka ga tabo a ɓawonta inda injin yanka ko na zare ya sha dukanta, kuma a ƙarƙashin ɓawon nan ne abincin da ganye ya haɗa yake bi ya sauka zuwa saiwa, in raunin ya zagaye gindin shi ke nan. Wasu kuma sai su zubo ƙasa mai kauri a kan saiwoyin da suka fito don ciyawa ta samu wurin kamawa, saiwa kuwa numfashi take yi, ka binne ta da yawa ta shaƙe, bishiyar ba za ta mutu a ranar ba, sai bayan wasu shekaru ta fara bushewa daga sama kowa yana mamakin me ya same ta.

Carex ɗin daji ba ta da wannan rigimar saboda a haka aka halicce ta. A ƙasashen sanyi tana fara tofowa da wuri, tun kafin itatuwa su fitar da sabon ganye, ta kwashi hasken wannan ɗan lokacin ta yi fure ta yi iri, in inuwa ta rufe sai ta lafa. Ba ta neman taki. In ta kafu ba ta neman ban-ruwa sai in fari ya yi tsanani. Aski sau ɗaya a shekara ya ishe ta, wasu ma ba sa yi.

"Ai wannan aya-aya ce, wa zai dasa bala'i da hannunsa"

Wannan ita ce maganar farko da ake jefo min, kuma ban ga laifin mai faɗarta ba. Duk wanda ya taɓa yaƙi da aya-aya ya san me ake nufi, ka cire yau jibi ta fito, ka tona ka tarar da 'ya'yanta a jere a ƙarƙashin ƙasa zare ɗaya ya haɗa su, in ka tsinke zaren kowanne ya tashi da kansa. Ita ce Cyperus rotundus, kuma masana da suka jera munanan ciyayin gona na duniya a 1977 ita suka sa a farko, tana addabar manoma a ƙasashe sama da 90.

To amma dangi ɗaya ba hali ɗaya ba ne. Abin da ke sa aya-aya ta gagara shi ne 'ya'yan nan na ƙarƙashin ƙasa, Carex ɗin daji kuwa ba ta da su. Masu zama dunƙule a inda ka dasa su nan za ka same su, sai dai dunƙulen ya ƙara faɗi. Masu tafiya da saiwa irin pensylvanica a hankali suke yi, in ta ƙetare iyaka ka sa shebur ka yanke ka ɗaga, ta fita. Wani abin ma, ita aya-aya rana take so, inuwa na ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da ke karya ta. Wato wurin da nake cewa a dasa waɗannan, wuri ne da aya-aya ba ta jin daɗinsa tun asali.

Ba na cewa duk Carex salihai ne. Akwai na fadama masu gudu da saiwa waɗanda in ka sa su a ƙaramin lambu za su cinye shi, akwai Carex pendula ta Turai mai zubar da iri kamar ba gobe, ko a Ingila inda take 'yar gida masu lambu na kuka da ita. Sai an zaɓa. Amma a ce a yi watsi da iri 2,000 saboda wata 'yar uwarsu da ma ba jinsinsu ɗaya ba, wannan kam ba hujja ba ce.

"Akwai masu yaɗo da suka fi sauri"

Akwai, kuma saurin nan shi ne matsalarsu. Shekaru da dama a Amurka in ka ce kana da inuwa abin da za a miƙo maka uku ne ko huɗu, Hedera helix mai yaɗo daga Turai, Vinca minor ita ma daga Turai, Pachysandra terminalis daga Japan da Sin, sai Euonymus fortunei daga Asiya. Suna rufe ƙasa da wuri, ba sa mutuwa, koraye ne duk shekara. Sai dai ba su san katanga ba. Hedera ta fita daga lambuna ta shiga dazuzzuka ta rufe ƙasa ruf ta hana 'ya'yan itatuwa tsirowa, ta hau manyan ta yi musu nauyi, tsuntsaye na cin 'ya'yanta suna kai irin gaba, har ta kai jihar Oregon ta hana sayar da ita. Yanzu mutane ne ke fita aikin sa-kai suna cire ta da hannu, abin da kakanninsu suka saya da kuɗinsu suka dasa don ado.

Wani zai ce ni lambuna a tsakiyar birni yake, ina ruwana da daji. Tsuntsu bai san wannan ba. Kuma sharar lambu da ake kwashewa a zubar a bayan gari, guntun reshe ɗaya in ya samu laima ya kama.

Masu zuba niƙaƙƙen ɓawon itace ko tsakuwa su kuma sun fi waɗancan, aƙalla ba su saki komai a daji ba. Amma ɓawo ruɓewa yake a sake saye, kuma galibi sai a tula shi a jikin gindin bishiya ya yi tudu, ɓawon bishiyar ya zauna cikin laima ya ruɓe. Tsakuwa ko siminti kuwa ba abin da ke rayuwa a cikinsu.

Me ya kawo maganar 'yar gida

Nan ne nake ganin maganar ta wuce ado ta zama ta jama'a. Akwai Carex masu kyau na Japan da ake sayarwa ko'ina, irin morrowii da oshimensis masu ratsin fari ko ruwan ɗorawa, suna jure inuwa, ba su cika fitina ba. To me zai hana a dasa su kawai?

Amsar tana wajen ƙwari. Mafi yawan ƙwarin da ke cin ganye ba komai suke ci ba, kowanne da 'yan tsirran da ya saba da su tun fil'azal, wanda cikinsa ya iya narkar da dafinsu. Doug Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya daɗe yana nanata wannan, kuma shi ya yaɗa lissafin nan cewa wata 'yar ƙaramar tsuntsuwa da ake kira chickadee tana buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin ta raini 'ya'yan sheƙa ɗaya. Ko tsuntsayen da ke cin tsaba in sun girma, yawancinsu da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu. Lambun da babu abin da ke cin ganyensa yana da kyan gani, amma babu abincin tsuntsu a ciki. A Arewacin Amurka akwai malam-buɗe-littafi iri-iri da tsutsarsu Carex take ci, tsabarta kuma tsuntsaye da ƙananan dabbobi na ci, wasu irin ma tururuwa ce ke ɗaukar su ta kai rami, a nan su tsiro.

Sai kuma abin da ya fi burge ni, wanda kusan ba mai tunaninsa. Yawancin tsutsotsin da ke cin ganye a saman bishiya ba a saman suke ƙarasa rayuwarsu ba. In sun ƙoshi sai su sauko ko su faɗo ƙasa, su shige cikin busasshen ganye ko su tona ƙasa mai laushi su kwanta har su rikiɗe. To ka duba me ke jiransu a ƙasa in kafet ce, ƙasa ta daskare saboda taku da nauyin inji, an share ganye tas, ga inji na zuwa duk sati. Ka dasa bishiyar da ta dace, ta ciyar da su, sannan ka kashe su a gindinta. In kuwa Carex ce a wurin, ganyen da ya zubo yana shigewa tsakanin dunƙulen ya ruɓe a nan, ƙasa ta yi laushi, ba mai takawa, tsutsa ta samu wurin kwanciya, bishiya ta samu takinta kyauta. Kai kuma ka huta da shara.

Kuma ba ƙaramin fili ake magana ba. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam a 2005 ya ƙiyasta ciyawar kafet a Amurka ta rufe kusan murabba'in kilomita 163,000. Ko gindin itatuwa kaɗai aka cire daga cikin wannan aka mayar wa tsirran gida, ba kaɗan ba ne.

Tsada da jinkiri

Wannan ƙorafin gaskiya ne, ba zan kare shi da ƙarya ba. Kafet iri ake watsawa ko a shimfiɗa ta kamar darduma, cikin 'yan makonni wuri ya yi kore. Carex ba haka take ba. Irin da yawansu na da wuyar tsirowa, wasu sai sun sha sanyi na makonni a cikin laima kafin su farka, pensylvanica ma ba ta cika yin iri mai kyau ba, shi ya sa dashe ake saye, ƙanana a cikin faranti mai ramuka. Ana dasa su da tazarar santimita 25 zuwa 30, wato a kowace murabba'in mita kana buƙatar tsakanin 11 da 16. Yi lissafin gindin babbar bishiya ka gani, kuɗi ne. Sannan sai ka jira shekara 2 ko 3 kafin su haɗe, a shekarar farko kuma dole ka yi ban-ruwa ka cire ciyawar da ke kutsowa tsakani, in ba haka ba ta rinjaye su.

Amma lissafin da ake yi ba a cika shi. Ana kwatanta kuɗin rana ɗaya ne, ba a haɗa da iri da taki da feshi da man inji da ruwan da za a yi ta kashewa kafet shekara bayan shekara a wurin da ba za ta taɓa zama ba. Kuma ba dole ka rufe wurin duka a lokaci guda ba. Ka fara da ɗan zagaye, bayan shekara biyu ka tono dunƙulen ka tsaga shi uku ko huɗu ka dasa gaba, abu ne da ke ninka kansa. Ƙananan dashen ma sun fi manya dacewa da gindin bishiya, rami ɗan mitsitsi za ka yi da wuƙar tono tsakanin saiwoyi, in ka ci karo da saiwa mai kauri ka matsa gefe. Abin da ba a yi shi ne shigo da injin huɗa ko a kama sara da fartanya a nan, saiwar bishiyar za ka datse.

Masu cewa ba a gwada abin ba, an gwada. Wani lambun bincike mai suna Mt. Cuba Center a jihar Delaware ya dasa Carex iri 70 ya bi su shekara 4, a inuwa da kuma a rana, har da gwajin askewa da inji a ga waɗanda za su iya maye gurbin kafet. Wadda ta zo kan gaba ba ma shahararriyar ba ce, wata ce Carex woodii, mai kama da pensylvanica amma ta fi ta yin kauri da hana wasu ciyayi kutsowa. Sun kuma ga cewa da dama daga cikin na fadama suna rayuwa lafiya a ƙasar lambu ta yau da kullum. Amma a lura, sakamakon na yankinsu ne.

Macizai, sauro, kaska

Duk ciyawar da ta yi kauri wani abu zai iya ɓuya a ciki, ba zan ce a'a ba. A yankunan da kaska ke ɗauke da cuta, kamar arewa maso gabashin Amurka inda cutar Lyme ta yi yawa, mutane na da dalilin yin hattara da busasshen ganye mai laima. Sauro kuwa a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, ba a ganye ba, gwangwani ɗaya ko tsohuwar taya da ruwa ya taru a ciki ta fi duk ciyawar lambun haɗari, ko da yake manyan na fakewa a duhuwa da rana. Maganin dai tsari ne. Ka bar hanya mai faɗi a share, kada ka kai ciyawar bakin ƙofa ko inda yara ke wasa, ka zaɓi gajeru. Kuma in don maɓoya ce, masu yaɗon nan da ake dasawa a madadinta sun fi ta nesa ba kusa ba, Hedera an san ta da tara ɓeraye.

Inda ba ta da amfani

Ba ta jure taku. Wucewa jefi-jefi ba komai, amma in wurin ƙwallon yara ne ko hanyar da ake bi kullum ko kare ke zarya, za ta mutu, a nan ka sa duwatsun takawa ko ka bar kafet a inda rana take. Ni ban ce a cire kafet daga duniya ba, a rana inda ake zama a kanta tana da aikinta.

Ba ta kuma yin furen da zai tsayar da mai wucewa. Iska ce ke ɗaukar mata garin fure, don haka ba ta da buƙatar launi, 'yan tsinkaye ne masu ruwan ƙasa ko ɗorawa-ɗorawa, sai ka sunkuya ka gan su. In sanyi ko zafi ya yi yawa bakin ganyen na bushewa ta ɗan yi yamutsai, a ƙarshen hunturu kafin sabon ganye ya fito sai a rage tsohon. Wanda idonsa ya saba da fili a aske sumul kamar teburin sunuka zai ce ba a gyara wurin ba. Wannan sabo ne kawai. Ni dai in iska ta bi ta kan shimfiɗar appalachica duk ganyen ya kwanta gefe guda yana sheƙi, ban ga abin da kafet za ta nuna mata ba. Kuma ana cusa wasu furannin daji 'yan gida a tsakani su fito ta cikinta, ita tana riƙe ƙasa tana hana ciyawar banza wuri, a gangara ma saiwoyinta masu yawa suna tare zaizaya. Barewa da zomo kuma ba su cika damunta ba, wanda duk mai lambu kusa da daji ya san darajar wannan.

'Yar gida, amma gidan wa

Inda na fi jin tsoro ke nan, domin da zarar abu ya yi farin jini sai kasuwa ta karɓe shi. Yau an rubuta 'yar gida a jikin leda, mai saye ya ɗauka magana ta ƙare, bai tambayi gidan wa ba. Pensylvanica 'yar gida ce a gabashin Amurka, a Jamus ko Japan baƙuwa ce kamar kowace baƙuwa. Carex ɗin New Zealand masu launin tagulla, irin testacea da buchananii, a ƙasarsu abin alfahari ne, amma da aka kai su tsibirin Tasmania na Ostareliya don ado sai da hukuma ta sa su a jerin ciyayin da doka ta hana. Carex kobomugi ta gabashin Asiya ta mamaye tudun yashin bakin teku a jihar New Jersey ta Amurka ta ture tsirran wurin.

Ko a cikin ƙasa ɗaya ana yin kuskure. A California an yi shekaru ana sayar da wata ciyawa da sunan Carex tumulicola, 'yar asalin jihar, mutane na dasawa da zuciya ɗaya suna ganin sun taimaki muhalli, daga baya masana suka duba da kyau suka gano Carex divulsa ce ta Turai. Ba lalle mugunta ba ce, dangin nan na da wuyar bambancewa, sau da yawa sai an sa gilashin ƙara girma an duba 'yar jakar da ke rufe irin kafin a tabbatar. Shi ya sa nake cewa kada ka sayi abin da aka rubuta wa sunan talla kawai, ka nemi cikakken sunan kimiyya, ka tambayi inda aka samo irin, ka duba jerin tsirran yankinka a wajen jami'a ko lambun bincike ko ƙungiyar masu kula da tsirran gida.

Wanda kuma yake ƙasa mai zafi kada ya ce sai ya yi odar Carex daga waje. Jinsin na ƙasashen sanyi ne galibi, a yankuna masu zafi a kan tsaunuka aka fi samunsa. A ƙasa-ƙasa wasu 'yan dangin ne ke riƙe da wurin, a dazuzzuka masu ruwa akwai Hypolytrum da Mapania da wasu Scleria da ke zaune cikin inuwa, a kudancin Afirka akwai Cyperus albostriatus, gajera mai kai kamar lema, wadda masu lambun can suka daɗe suna rufe inuwa da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga dajin da ya fi kusa da kai, wanda ba a taɓa nomewa ba, ka duba me ke tsirowa a gindin itatuwa a ƙasa irin taka, mai laka ce ko mai yashi, busasshiya ko mai laima, ka ɗauki hoto ka kai wa wanda ya sani.

Hoto na ce, ba shebur ba. Tono daga daji ka kawo gida ɓarna ce, ka tsiraita wuri guda don ka rufe wani, a wurare da yawa ma doka ta hana, kuma wasu irin sun yi ƙaranci ba ka sani ba. In masu rainon dashe na kusa da kai ba su da ita, ka tambaya, ka sake tambaya, ka sa maƙwabcinka ma ya tambaya. Su abin da ake nema suke rainowa, kuma su ma hukumomin da ke dasa itatuwa a bakin titi da makarantu da asibitoci, in suka fara rubuta ta a cikin kwangila maimakon kafet, masu dashen za su samar da ita da yawa farashin ya sauko.